Mai Allurar Insulin Zai Iya Rage Ƙiba, Amma Tuwo Da Allura Tare Suke Sauka

Duk wanda ya taɓa zama a layin ganin likitan masu ciwon suga ya san ƙorafin da ya fi yawo a bakin waɗanda aka ɗora kan allurar insulin. Mace za ta ce tun da ta fara allurar rigunanta suka matse ta, magidanci ya ce wandon da ya ɗinka da sallar bara ya ƙi shiga. Likita yana cewa a rage ƙiba don suga ya daidaita, ga shi kuma maganin da ya rubuta da hannunsa yana ƙara ta. Mutum ya rasa inda zai sa kansa. Daga nan sai shawarwarin bakin titi su fara shigowa: wannan ya ce a riƙa tsallake allurar dare, waccan ta kawo shayin rage teɓa, wani ya ce a koma cin abinci sau ɗaya a rana.

Ƙorafin gaskiya ne, kuma bai kamata ma'aikacin lafiya ya share shi da cewa zato ne kawai ba. Sai dai mafitar da mutane da yawa ke bi, wato taɓa allurar a ɓoye, ita ce ta fi kowace hanya saurin kai mutum gadon asibiti. Mai allurar insulin zai iya rage nauyi, an gani an tabbatar. Sharaɗin shi ne abinci da allura su sauka tare, sannu a hankali, da na'urar awo a hannu, da sanin likita. Wanda ya rage tuwo ya bar allura yadda take, sugansa zai faɗi, yana iya sumewa. Wanda ya rage allura ya bar tuwo, sugansa zai hau ya riƙa cin idonsa da ƙodarsa a ɓoye.

Aikin insulin shi ne kwashe sugan da ke yawo a jini ya shigar da shi tsoka da hanta da kitse, a ƙona wanda za a ƙona, a ajiye saura. Idan babu shi, ko ya yi kaɗan, sai suga ya taru a jini. Da ya haura kusan 180 a irin ma'aunin da yawancin na'urorinmu ke nunawa, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ta riƙa zubar da shi ta fitsari. Shi ya sa wanda bai samu magani ba yake yawan zagayawa, ƙishirwa ba ta barinsa, yana ci sosai amma kullum ramewa yake yi. Jikinsa ya zama buhun hatsi mai huji, ana zubawa ta sama yana tsiyayewa ta ƙasa. Allurar ce ke ɗinke hujin. Abincin da a da yake bin fitsari yanzu ya tsaya a jiki, ruwan da aka rasa ya dawo, tsokar da ta zube ta fara cikowa. Kilo biyu ko ukun farko da mutum ke gani bayan fara allura, yawanci alamar farfaɗowa ce.

Tarihi ya nuna yadda ramar rashin insulin take. Kafin a gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, maganin da likitoci suka sani ga yara masu wannan ciwo shi ne yunwa. Wani likitan Amurka, Frederick Allen, ya yi suna da tsarin takura abinci wanda yake jinkirta mutuwa da watanni ko 'yan shekaru. Cikin marasa lafiyarsa akwai Elizabeth Hughes, 'yar Charles Evans Hughes, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin. Ranar da aka kai ta wurin Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin, a watan Agustan 1922, tana dab da cika shekara 15, nauyinta kusan kilo 20 ne, tafiya ma da ƙyar take yi. Aka fara mata allura, aka ba ta abinci, cikin 'yan watanni ta murmure. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rayu har 1981. Ƙibar da ta samu bayan allura ita ce rayuwarta ta dawo.

Wannan bai kore cewa ƙibar na iya wuce gona da iri ba. Babban binciken da aka yi a Amurka da Kanada tsakanin 1983 da 1993 kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya na ciwon, wato waɗanda jikinsu ba ya yin insulin, ya raba su gida biyu: masu allura sau da yawa a rana tare da yawan awo, da masu allura ɗaya ko biyu kamar yadda aka saba a lokacin. Rukunin farko sun rage haɗarin kamuwa da ciwon idon da suga ke jawowa da kashi 76 cikin ɗari. Amma bayan shekara biyar sun fi takwarorinsu ƙarin nauyi da kilo 4.6 a tsakaici, kuma mummunar faɗuwar suga ta ninka musu kusan sau uku. A Birtaniya ma, binciken da aka fitar a 1998 kan masu nau'i na biyu, waɗanda jikinsu ke yin insulin amma ba ya jin aikinsa sosai, ya samu cewa waɗanda ke kan insulin sun fi waɗanda aka bari kan tsarin abinci ƙara nauyi da kusan kilo 4. Wato ribar allura babba ce, amma tana zuwa da farashi, kuma farashin nan biyu, ƙiba da faɗuwar suga, a ɗaure suke da juna.

A nan ne gizo ke saƙar. A ɗauki magidancin da ke yin allurar nan mai gauraye, wadda ake yi safe da yamma, irin ta Mixtard da aka fi samu a shagunan maganinmu. Ya yi ta yamma, ya ci tuwo kaɗan saboda ya ƙudura rage tumbi. Wajen ƙarfe biyun dare ya farka sharkaf da gumi, hannu na rawa, zuciya na bugawa, ga wata yunwa kamar ya yi kwana biyu bai ci ba. Uwargida ta tashi a firgice ta miƙo lemon kwalba, ya shanye. Rawar ba ta tsaya nan take ba, sai aka ƙara burodi da madara, aka ɗumamo ragowar shinkafa. Da gari ya waye na'ura ta nuna sama da 250. Idan wannan lambar ta safe kaɗai likita ya gani, ba a gaya masa abin da ya faru da dare ba, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ƙara yawan allurar. Ƙarin allura ya jawo ƙarin faɗuwa, ƙarin faɗuwa ya jawo ƙarin ci. Daga nan tsoro ya shiga, mutum ya fara cin abinci kafin barci ko ba ya jin yunwa, ya sa biskit a aljihu yana ci a hanya don kada abin ya same shi a kasuwa. Irin wannan mutum abinci yake ci don ya ciyar da allurarsa.

Maganin wannan zagaye a bayyane yake. Idan suga ya sauka ƙasa da 70, ko 3.9 a na'urori masu ɗaya ma'aunin, abin da ake buƙata kusan giram 15 ne na sukari: cokalin shayi uku zuwa huɗu a narka a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba. A jira minti 15, a sake awo, a maimaita in bai tashi ba. Jiran ne ke da wuya, domin jiki yana ihun a ci gaba da ci alhali sukarin bai gama shiga jini ba. Idan kuwa mutum ya sume, ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa da shi. Sannan duk faɗuwar da ta auku a rubuta ta da lokacinta a kai wa likita. Mutumin da sai ya ci abin da ba ya so kafin ya tsira daga faɗuwar suga, allurarsa ce ta yi masa yawa, ita za a gyara.

Ɗaya hanyar, ta tsallake allura da gangan don a rame, tana aiki da sauri, wannan ne ma haɗarinta. Kwana kaɗan sikeli zai nuna ragi, domin huji ya sake buɗewa. Abin da ke zubewa kuwa ruwa ne da tsoka. A cibiyar Joslin da ke birnin Boston, masu bincike ƙarƙashin Ann Goebel-Fabbri sun bi mata 234 masu nau'i na ɗaya har shekara 11, suka fitar da sakamako a 2008. Kusan kashi 30 cikin ɗari sun amsa cewa suna rage allurarsu. Haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran fiye da sau uku, kuma cikin waɗanda suka rasu, masu rage allura sun mutu a tsakaicin shekara 45, sauran kuwa a 58. Akwai kuma haɗari na gaggawa. Jikin da ya rasa insulin yakan koma ƙona kitse ba kan gado, jini ya cika da wasu sinadarai masu tsami da ake kira kiton. Sai amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, sai suma. Ga mai nau'i na ɗaya, wannan na iya faruwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Iyayen 'yan mata masu wannan ciwo su buɗe ido. Budurwar da ke ta ramewa, kwalbar insulin ɗinta ba ta ƙarewa a kan lokaci, tana ɓoye sakamakon awo, tana buƙatar a zauna da ita cikin tausayi a kai ta ga likita. Faɗa da gori ba sa gyara wannan matsala, ƙara ɓoyewa suke sawa.

To mece ce hanyar da ke ɓullewa? Farko mutum ya san irin ciwonsa. Mai nau'i na ɗaya jikinsa ba ya yin insulin, don haka ba zai taɓa rabuwa da allura ba, ko ranar da bai ci komai ba yana buƙatar wani kaso. Abin da zai iya shi ne rage yawanta daidai da ragin abinci. Mai nau'i na biyu jikinsa yana yi amma ba ya jin aikinsa sosai, kuma kitsen ciki ne babban dalili. Shi idan ya zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo huɗu da rabi zuwa tara ga mai kilo 90, jikin yakan fara amsa insulin da kyau, allurar ta ragu, wasu ma likita ya mayar da su kan ƙwayoyi.

Ana yawan ambaton binciken da Roy Taylor na Newcastle da Mike Lean na Glasgow suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2017. An ɗora masu nau'i na biyu kan abinci mai kalori kusan 850 a rana na wata uku zuwa biyar, kuma bayan shekara guda kashi 46 cikin ɗari sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne suka kai ga haka. Labari ne mai ƙarfafa gwiwa, sai dai masu yaɗa shi a wayoyi sukan manta da abu guda: ba a saka masu allurar insulin a binciken ba. Mai allura da ya kwaikwayi wannan tsari shi kaɗai a gida yana wasa da ransa. Ragin rabin kilo a mako ya ishe shi.

Sauran aikin yana cikin kwano. Abin sha ne wurin farawa, domin a nan sukari ke shiga ba a sani ba. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokalin shayi tara na sukari. Zoɓon da aka zuba wa sukari, kunun zaƙi, fura da nono da aka sa wa sukari, shayin mai shayi da madarar gwangwani, duk sahu ɗaya suke. Zoɓo da citta da kanumfari ba sukari yana shayuwa, baki ne kawai ke buƙatar mako biyu ya saba. Sai tuwo. Ba a ce a bar shi ba, malmalar ce za ta koma kamar dunƙulen hannun mai ci, miyar kuka ko kuɓewa ko ta ganye ta fi ta yawa. Rabin kwano ya zama na alayyahu, zogale, rama, kabeji ko yakuwa. Rubu'i na wake, kifi, ƙwai, awara ko nama marar kitse. Rubu'in da ya rage na tuwo ko shinkafa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kaɗan, ko alalar wake, sun fi burodi da shayi riƙe ciki.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, na ɗaukar acca da alkama a matsayin abincin masu suga da za a ci ba iyaka. Hatsi ne su ma, suna narkewa su zama suga, kuma malmala biyu ta tuwon acca allurarta ba za ta gaza ta malmala biyu ta tuwon dawa da yawa ba. Haka zuma da dabino, albarkarsu ba ta hana su ɗaga suga. Shi kuwa mai, ko na gyaɗa ko manja, ba ya ɗaga suga nan take, shi ya sa ake raina shi, alhali babban cokali ɗaya yana da kalori kusan 120. Gidan da ya rage ludayin mai a miya ya rage soye-soye ya yi rabin aikin.

Muhimmin abu shi ne a gaya wa likita kafin a fara, ba bayan an sume ba. Mai allura mai gauraye ba ya iya tsallake abincin rana, domin wani kaso na allurar safe yana nan yana aiki. Shi ragin kowane kwano ya fi masa tsallake wani. Wanda ke yin allura dabam ga kowane cin abinci ya fi samun sauƙin daidaitawa, in an koya masa ƙiyasta abin da ke gabansa. A makonnin farko dole awo ya ƙaru: da asuba, kafin abinci, kafin barci.

Motsa jiki ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar. Ko tafiyar minti goma zuwa goma sha biyar bayan cin abinci tana sauke suga. Amma tsokar da ta yi aiki tana ci gaba da zuƙar suga sa'o'i da yawa bayan an huta, don haka manomin da ya wuni a gona ko matashin da ya buga ƙwallon yamma suna iya samun faɗuwa da tsakar dare. Su auna kafin su kwanta, su ajiye sukari kusa da shimfiɗa.

Wasu na jiran watan azumi su ce a nan za su rage. Binciken da aka yi a ƙasashe 13 masu yawan Musulmi a Ramadan na 2001 ya gano cewa mummunar faɗuwar suga ta ninka kusan sau biyar ga masu nau'i na ɗaya, sau bakwai da rabi ga masu nau'i na biyu. Ga kuma buɗa-bakinmu na kunu da ƙosai da soyayyen dankali da zoɓo mai zaƙi, wanda ke sa da yawa su fito daga watan sun fi yadda suka shiga nauyi. Mai allura da ke son yin azumi ya ga likita tun a Rajab ko farkon Sha'aban a sake tsara masa allurar, ya kuma karɓi hukuncin likita in an ce bai dace ya yi ba, tunda shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Ƙa'idar da likitoci suka tsayar ita ce a karya azumi idan suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma ɗigon jinin yatsa na awo ba ya ɓata azumi.

Sababbin magunguna sun zo da sauƙi ga masu nau'i na biyu. Ozempic, wanda aka amince da shi a Amurka a 2017, da Mounjaro da ya biyo baya a 2022, suna rage sha'awar abinci suna sauke suga, kuma likita na iya haɗa su da insulin ya rage yawansa. Tsohuwar ƙwayar metformin ma, mai araha, tana taimakawa wajen hana ƙibar allura. Amma babu ɗayansu da ke maye gurbin insulin ga mai nau'i na ɗaya, kuma tsadar sababbin ta buɗe wa 'yan jabu kasuwa. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi allurar Ozempic ta jabu, wadda hukumomi suka ce alamu sun nuna insulin aka ɗura a ciki. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. Idan haka ta faru a can, wanda ya saya daga shafin Facebook ko hannun mai talla a nan ba shi da tabbacin abin da yake sa wa jikinsa. Shayin rage teɓa kuwa, yawancinsa gudawa da fitsari yake sawa, abubuwa biyun da mai suga ya fi kowa buƙatar gudu.

Gida yana da nasa kaso. A al'ummar da ake yaba amarya da cewa ta yi ɓul-ɓul, inda har ake shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don a cika, wanda ya rage kilo biyar sai an tare shi da tambayar ko lafiya. Wasu cikin waɗannan ƙwayoyi, irin su dexamethasone, kansu suna ɗaga suga. Mai dafa abinci ita ce ke riƙe da rabin maganin, don haka ya kamata a riƙa zuwa asibiti tare da ita ta ji bayani da kunnenta. 'Yan uwa kuma su daina matsa wa mutum da sai ya ƙara loma a wurin biki ko suna.

Kaso mafi girma yana wuyan hukuma. Duk shawarar da aka lissafa a sama ta tsaya ne kan awo, awo kuma kuɗi ne. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 farashin insulin da na takardun awo ya tashi har wasu na raba allurar rana ɗaya zuwa kwana biyu. Waɗannan suna ramewa ba da son ransu ba, ramar da ba ta da bambanci da ta masu tsallakewa da gangan. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa. Abin da ya dace shi ne a ware wani kaso na wancan haraji a sauke farashin insulin da takardun awo, a tabbatar inshorar jihohi tana biyan su duka biyu, a kuma ajiye masanin abinci mai jin Hausa a kowane babban asibiti, wanda zai ɗauki malmalar tuwo da ludayin miya ya nuna wa marar lafiya daidai abin da ya kamata ya ci da yawan allurar da ta dace da shi.